Yadda ake mayar da ƙari a wasan poka kafin fulof idan katinka mai ƙarfi ne

Wannan bayani na wanda ya riga ya san dokokin Texas Hold'em ne: ana raba wa kowa kati 2 a rufe, daga baya a buɗe 5 a tsakiya, 3 a tashi ɗaya, su ne fulof, sannan na huɗu, sannan na biyar. Ya san duk wannan, amma idan ya ɗaga katinsa ya ga As biyu, wani kuma ya riga shi yin ƙari, sai ya rasa abin yi. Yawancin sababbi bi suke yi shiru, wato su sa daidai abin da mai ƙarin ya sa, wai don kada su kori kowa. Abin da nake koya wa duk wanda ya zauna da mu a Garwa shi ne ya ɗora ƙari a kan ƙarin, da adadin da ya dace, kuma ya san tun kafin ya buɗe baki abin da zai yi idan aka sake mayar masa.

Magana ɗaya kafin mu fara. Mu a majalisarmu ba ma sa kuɗi, ko dala ɗaya. Caca haramun ce, kuma kowa a nan ya san gidan da ta rusa. Da jeto muke wasa, wato ƙwayoyin da ke tsayawa a madadin kuɗi, wanda ya ci ya ci suna, in lokacin salla ya yi a kife karta a tashi. Lissafin da zan nuna maka bai buƙatar sefa ko ɗaya kafin ya yi aiki.

Kayan da za ka tanada

Karta cikakkiya mai kati 52, a cire joka. Ka ƙirga ta kafin a fara, domin a nan ƙasar akwai karta mai kati 32 wadda ake wasan belot da ita, daga 7 zuwa As kawai, kuma ba ta yin poka. Idan kartar Faransa ce ta faɗo hannunka, a Marwa ko Kusiri ko Njamena, za ka ga 1 a wurin A, R a wurin K, D a wurin Q, V a wurin J. Ni zan riƙa rubuta A, K, Q, J, wato As, sarki, dam da bale, don su za ka gani a waya. Gidajen karta huɗu ne: kur, karo, pik da tirefil.

Jeto. Wanda ba shi da na kanti, marfin kwalba ya isa, a samo kala uku: ɗaya a matsayin 5, ɗaya 25, ɗaya 100. A ba kowa 10 na 5, 10 na 25, 7 na 100, ya kama 1000 ke nan. In marfin bai kai ba, wake ya tsaya a 5, ƙwallon dabino 25, tsinken ashana 100. Abin da ba na so shi ne a riƙa rubuta lissafi a takarda ba tare da wani abu a gaban kowa ba, saboda dole ne idonka ya ga yawan jeton abokin wasa kafin ka yanke shawara.

Sai alamar mai rabo, ko makulli ko ƙaramin kofin shayi, wadda ke matsawa hagu bayan kowane hannu. Sai tabarma ko tebur da mutum 6 za su zagaye, da ɗan littafi da biro.

Duk misalan da ke ƙasa a kan wannan tsari suke: ƙaramin zubi 5, babban zubi 10, kowa da 1000. Zubi shi ne abin da mutum biyu na hagun mai rabo suke sawa dole kafin su ga kati. Abin da ya taru a tsakiya tsibi muke ce masa. Tura jeto gaba ɗaya kuwa tapi ne, kamar yadda kowa yake faɗa a nan. Mayar da ƙari shi ne abin da za ka ga an rubuta 3-bet a intanet.

1. Ka san kujerarka da kujerar mai ƙari

Kafin ka duba katinka, duba inda alamar mai rabo take. Bayan fulof, na hagun mai rabo ne ke fara magana, mai rabo ne na ƙarshe. Idan za ka riƙa magana bayan wanda ya yi ƙarin, ka samu fifiko: za ka ga abin da ya yi kafin ka motsa, har hannun ya ƙare. Idan kana kan ƙaramin zubi ko babba, galibi kai ne za ka riƙa farawa, a makance.

Kujerar mai ƙarin ma tana ba da labari. Wanda ya yi ƙari daga kujerar farko, mutum biyar na jira a bayansa, galibi katinsa mai kyau ne. Wanda kowa ya zubar har aka iso kansa a kujerar mai rabo, zai iya ƙari da tarkace, don zubi biyu kawai yake hari.

2. Ka tantance abin da ake kira kati mai ƙarfi

Akwai hanyoyi 1326 da kati biyu za su iya haɗuwa a hannunka. Kowane tagwaye, kamar AA ko KK, yana zuwa ta hanya 6. AK yana zuwa ta hanya 16, 4 gida ɗaya, 12 gida daban. As biyu sau ɗaya yake zuwa a cikin hannu 221. Ka riƙe wannan adadi, don shi zai sa ka daina wasa da shi idan ya zo.

Idan mai ƙarin yana kujerar farko, ko kuma mutum ne da ka san ba ya shiga sai da dalili, ka mayar da AA, KK, QQ da AK. Hanyoyi 34 ke nan, kusan hannu ɗaya cikin 39. Da JJ, 10-10 ko AQ a gaban irin wannan mutum, bi kawai ya fi, musamman in kana bayansa.

Idan ƙarin ya fito daga mai rabo ko na damansa, ko daga wanda ke ƙari kowane hannu, faɗaɗa: 10-10 zuwa sama, AQ da AK, hanyoyi 62, kusan ɗaya cikin 21. In mutumin ya cika rawar kai, ƙara 9-9, da AJ da KQ masu gida ɗaya.

Kuskuren da na fi gani a nan shi ne ɗaukar duk kati mai hoto a matsayin mai ƙarfi. KJ, QJ, A10 gida daban suna da kyan gani, amma idan ka mayar da su aka bi ka, sau da yawa wanda ya bi yana riƙe da AK ko AQ, wato ya danne ka. AK a kan AQ yana cin kusan kashi 74 cikin 100. Ka so ka zama mai AK ɗin a wannan haɗuwa.

3. Ka fahimci dalili, don kada zuciyarka ta karaya a tsakiya

Dalilai biyu ne, kuma duka lissafi ne.

Na farko, rage mutane. As biyu a gaban mutum ɗaya mai kowane irin kati yana cin kusan kashi 85 cikin 100 idan aka kai ƙarshe. A gaban mutum 2 ya sauka zuwa 73, a gaban 3 zuwa 64, a gaban 4 zuwa 56, a gaban 5 ya faɗi ƙasa da rabi kaɗan. Idan ka bi shiru, na bayanka zai ga tsibi ya yi daɗi ya bi, na bayansa ma haka, babban zubi ya ce ai saura kaɗan. Sai ka tarar da kanka da mutum huɗu, fulof ya buɗe 8-7-6, ba ka san wa ke da me ba, kuma zuciyarka ba za ta yarda ka zubar da As biyu ba. Yawancin tapin da ake asara da AA haka suke farawa.

Na biyu, girman tsibi. Wannan ne sababbi ba sa gani, don haka bari mu bi shi da adadi. Wani ya ƙara zuwa 30, kana kujerar mai rabo, zubi biyu suka zubar. Idan ka bi, tsibi 75 ne. Ka sa kashi biyu cikin uku na tsibi a fulof, 50, ya bi, ya zama 175. A kati na huɗu ka sa 115, ya zama 405. A na biyar ka sa 270. Duk abin da ka karɓa a hannunsa 465 ne, bai kai rabin jetonsa ba, kuma sai da ya bi ka sau uku.

Yanzu a ce ka mayar zuwa 90 ya bi. Tsibi 195 ne. A fulof ka sa 130, ya zama 455. A na huɗu ka sa 300, ya zama 1055, saura 480 a gaban kowa. A na biyar tapinka bai kai rabin tsibi ba, kuma da wuya mai KK ko mai AQ da ya haɗa dam ya iya zubarwa. Wannan 60 da ka ƙara tun farko ita ta ninka abin da ka ci. Wanda ya kai bijimi mai ƙiba kasuwar shanu ba ya buɗe ciniki da kuɗin maraƙi don tsoron kada masu saye su watse.

Za ka ce, to in na mayar kowa ya zubar fa? Ka ci 45 ba tare da ka ga fulof ba. Wanda ya zubar ba shi da abin da zai biya ka da shi daga baya, sai fa in fulof ya ba shi abin da zai kayar da kai.

4. Ka auna adadin

Idan kana bayan mai ƙari, ninka ƙarinsa sau 3. Ya sa 30, ka sa 90. Idan kana gabansa, wato a ɗaya daga cikin zubi biyu, ninka sau 4, ka sa 120. Ana ƙara tsada ne a nan saboda shi zai riƙa maganar ƙarshe har hannun ya ƙare, dole ya biya wannan fifiko.

Idan wani ya riga ya bi ƙarin kafin a iso kanka, ƙara ninki ɗaya a kan kowane mai bi. Ƙari 30 da mai bi ɗaya: 120 in kana baya, 150 in kana gaba. Masu bi biyu: 150 ko 180. Wannan hali yana yawan faruwa a majalisa, inda mutane ke son ganin fulof, kuma shi ne wurin da kati mai ƙarfi ya fi samun riba, domin masu bin sun riga sun nuna katinsu matsakaici ne.

Ka guji ƙaramin ƙari. Doka ta yarda ka mayar da 50 kacal, tunda ƙarinsa 20 ne a kan babban zubi, mafi ƙarancin mayarwa kuma shi ne ka ɗora daidai wannan 20. Amma dubi abin da ka ba shi: zai biya 20 don tsibin da ya kai 95, wato kashi 17 cikin 100 na nasara ya ishe shi. Ƙananan tagwaye irin su 5-5 suna da kusan haka ko a gaban As biyu, 8-7 gida ɗaya ma ya fi haka. Mai tagwaye yana samun kati na uku irin nasa a fulof kusan kashi 12 cikin 100, kuma ranar da ya samu, akwai 950 a gabanka da zai kwashe da jarin 20. Idan ka sa 90, sai ya biya 60, yana buƙatar kashi 31, kuma abin da ya rage a gabanka ninki 15 ne kawai na abin da ya biya. Ciniki ya juya.

Ka guji kuma ƙarin tsoro, irin wanda zai sa 250 a kan 30 saboda yana riƙe da JJ ko QQ, ba ya son ganin fulof. Duk wanda ka fi zai zubar, wanda ya fi ka ne kaɗai zai tsaya.

Abu mafi muhimmanci a wannan mataki: adadinka ya zama ɗaya ko me ka riƙe. Mu mutane ne da muke zama da juna kowane mako. Idan da AA kana sa 70 don a bi ka, da AK kana sa 120 don a gudu, kafin shayi na uku kowa ya gane ka.

5. Ka faɗa da baki, ka tura sau ɗaya

Jira layinka ya zo. Faɗi jimillar adadin tukuna, "na ƙara, casa'in", sannan ka tura jeto gaba a motsi ɗaya. Dokar da ake bi a gasa ita ce, wanda ya tura jeto kaɗan, ya koma ya ɗebo wasu ba tare da ya faɗi adadi ba, ba a karɓar na biyun. Haka wanda ya jefa jeto ɗaya babba bai ce komai ba, bi ake lissafa masa, ko da na 100 ne. Ku amince da waɗannan dokoki biyu tun kafin rabon farko, za su hana gardama.

Ka ba kanka lokaci iri ɗaya kowane hannu, kamar numfashi uku. Kada ka sake leƙa katinka, kada ka fara hira ko ka yi shirun da ba ka saba ba.

A nan akwai wata matsala da littattafan Turawa ba su san da ita ba, ita ce kunya. Yaro zai riƙe KK, kawunsa ko yayansa ya yi ƙari, sai ya ji nauyin ɗora masa, ya bi kawai. Tarbiyya ce mai kyau ta kawo haka, kuma ba na son kowa ya yar da ita. Amma wanda ya zauna a tabarma ya yarda da dokar wasa, kuma babba mai hankali ba ya jin daɗin nasarar da aka bar masa. Akwai yadda ake faɗa cikin ladabi: "Kawu, a gafarce ni, na ƙara, ɗari da ashirin." Shi kuma ya ce, "Madalla ɗana, bari in duba." Manya su ma su sauƙaƙa wa yara wannan, su faɗa tun farko cewa a kan tabarma kowa ya buga katinsa. Majalisar da ba a mayar wa babba ƙari, babu mai koyon komai a cikinta, har shi babban.

6. Ka shirya amsar sake mayarwa tun kafin ta zo

Ka sa 90, shi kuma ya ce 220, ko ya ce tapi. Idan sai a lokacin za ka fara tunani, zafin zuciya ne zai yanke maka.

Da AA babu tunani, tapi. Da KK ma, a jeto 1000, tapi. Damar wani mutum ɗaya ya riƙe AA alhali kana da KK ba ta kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba tun a rabo. Gaskiya ne idan ya sake mayarwa damar ta ƙaru sosai, amma a gaban wanda ke yin haka da QQ, KK, AA da AK, sarki biyu suna cin kusan kashi 57. Wani lokaci za ka ci karo da As biyu ka yi asara, hakan ba ya nufin ka yi kuskure.

QQ da AK ne ke buƙatar sanin mutum. A ce ya yi tapi 1000 a kan 90 ɗinka. Za ka biya 910 don tsibin da zai zama 2015, kana buƙatar kashi 45. A gaban waɗancan katunan huɗu, QQ tana cin kusan kashi 40, AK ma wajen haka. Bai kai ba, ka zubar. A gaban dattijon da ba ya sake mayarwa sai da AA ko KK, abin ya fi muni, ƙasa da kashi 20. Amma idan matashi ne mai zafi da ka taɓa gani ya yi tapi da 9-9 ko AJ, ka bi ba tare da jinkiri ba. Idan 220 ya sa ba tapi ba, kuma kana bayansa, za ka iya bi da QQ ko AK gida ɗaya ka ga fulof.

Wani abu game da AK: riƙe As ɗaya da sarki ɗaya yana rage hanyoyin AA daga 6 zuwa 3, na KK ma haka. Shi ya sa AK ta fi JJ ƙarfin hali a wannan wuri, ko da yake in suka haɗu kai tsaye tagwayen ne ke ɗan gaba. JJ da 10-10, in mutum mai natsuwa ya sake mayar maka, zubar da su.

Idan kai ne ka fara ƙari zuwa 30 da AA ko KK, aka mayar maka 90, naka ya zama tsakanin 200 da 230. Ninki biyu da ɗan ɗori ya isa, don tsibi ya riga ya girma.

7. Ka gyara lissafi idan jeto ya canza

Duk abin da ya gabata na mai ninki 100 na babban zubi ne a gabansa, wato jeto 1000. Idan kuna wasan gasa, inda zubi ke hawa bayan kowane minti 15 ko 20, jeto zai yi ta ƙanƙancewa. Dokar da nake bi: idan mayarwa za ta cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da ke gabana, tapi nake yi kai tsaye. Mai 200 da aka yi wa ƙarin 30, in ya sa 90 saura 110, ba zai iya zubarwa a fulof ba, gara ya tura duka tun yanzu. Kuma kullum ka yi lissafi da jeton wanda ya fi ƙaranci tsakaninku biyu, don iyakar abin da za a iya ci ke nan.

Idan kuwa ku biyun kuna da 2000 ko fiye, ƙara girman mayarwa kaɗan, kuma ka rage saurin tapi da QQ da AK.

8. Ka san abin da ke jiranka a fulof

Mayar da ƙari ba ya ƙare hannu. Da AK, sau biyu cikin uku fulof ba zai ba ka As ko sarki ba. Da KK, As zai bayyana kusan kashi 23 cikin 100. Da QQ, As ko sarki zai fito kashi 41. Da JJ, katin da ya fi shi zai fito kashi 57. Wanda ya san wannan ba ya firgita.

A gaban mutum ɗaya, idan fulof ya fito a warwatse, kamar K-7-2 gida uku daban, sa kashi ɗaya cikin uku na tsibi da kusan duk abin da ka mayar da shi. Idan ya fito a manne, kamar 9-8-7 biyu gida ɗaya, sa da yawa in kana da manyan tagwaye, ka wuce, wato kada ka sa komai, in AK ce ba ta haɗa komai ba. Idan As ya fito kana da KK ko QQ, sa kaɗan sau ɗaya ko ka wuce, kada ka gina tsibi. Idan kuma mutum uku suka biyo ka duk da ƙarinka, ka tuna As biyu tagwaye ɗaya ne kawai. Mutumin da bai taɓa yaudara ba in ya ɗora maka ƙari a kati na huɗu, yarda da shi.

Game da mayar da ƙari da kati marar ƙarfi don yaudara, irin A5 ko A4 gida ɗaya da za ka ga ƙwararru na yi: ka bar shi tukuna. Kana jefa 90 don cin 45, sai abokin wasa yana zubarwa sau biyu cikin uku kafin ya biya kansa nan take. Mutanenmu ba sa zubarwa haka. A teburin da ake yawan bi, abin yi shi ne faɗaɗa katunan ƙarfi da ƙara adadi, ko zuwa ninki 4 kana baya, 5 kana gaba, muddin ana ci gaba da bin ka.

9. Ka gwada da hannunka, ka rubuta

Ba sai da waya ko intanet ba. Ware As biyu ka ajiye a gabanka a buɗe. Gauraya sauran 50, raba wa mutum ɗaya na ƙarya kati 2, buɗe 5, ka ga wa ya ci, ka ja layi a littafi. Yi sau 30. Sannan ka maimaita sau 30 da mutum 5 na ƙarya. Adadin ba zai fito daidai da wanda na ba ka ba, don 30 kaɗan ne, amma tazarar za ta fito fili. Daga nan ka ware QQ da AK ka gwada su da juna, za ka ga dam biyu suna ɗan gaba, kusan 57 da 43 in AK ɗin gida daban ce.

A lokacin wasa kuma, buɗe wa kowane abokin zama shafi, amma ka cika shi bayan an tashi. Abu uku za ka rubuta: daga wace kujera ya yi ƙari, me ya yi da ka mayar masa, da katin da ya nuna in an kai ƙarshe. Wanda ya zubar sau huɗu cikin biyar, shi ne za ka fara gwada A5 a kansa idan lokaci ya yi. Wanda bai taɓa zubarwa ba, mayar masa da 10-10 da AJ, ka ƙara adadi. Wanda ya sake mayarwa sau ɗaya tak a wata guda kuma ya nuna As biyu, rubuta a gefen sunansa cewa QQ da AK zubarwa ake yi a gabansa.